Tsinken Ashana Goma

Cikina na biyu ya zo ne a shekarar da kogi ya janye har mutane suka riƙa ƙetarawa da ƙafa a ƙarƙashin gada. Muna zaune a unguwar Lamorde lokacin, a ƙetaren kogin, cikin ɗaki biyu na haya, ni kuwa ina aikin buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati a can cikin gari. Kullum da safe in na hau gadar sai in leƙa ƙasa, in ga rairayi da duwatsun da ban taɓa sanin suna nan ba, da mata masu wanki suna bin ɗan ruwan da ya rage. Gani kawai nake yi. A kwanakin nan babu abin da ke taɓa ni.

Cikina na fari namiji ne. Shekara biyu kafin nan, ina cikin wata na tara, ya daina motsi. Na faɗa wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ta ce ai haka suke yi, in haihuwa ta matso yaro yakan yi lamo yana tara ƙarfi. Na yarda da ita, don ita ta haifi takwas, ni ko ɗaya ban haifa ba. Kwana uku na jira. Da muka je asibiti ungozoma ta ɗora wani ƙaho na ƙarfe a kan cikina ta kasa kunne, ta matsar da shi, ta sake matsarwa, sannan ta ajiye ta je ta wanke hannunta. Washegari na haife shi. Ban ga fuskarsa ba. Ban ce a nuna mini ba, su ma ba su tambaye ni ba. Maigidana da abokansa biyu suka ɗauke shi cikin zane suka tafi. Masu zuwa gaisuwa suna ta yaba haƙurina saboda ban yi kuka ba. Ba haƙuri ba ne. Kukan ne ya ƙi zuwa, na jira shi har na gaji, na koma bakin aikina.

Don haka da na sake samun ciki ban faɗa wa kowa ba sai da ya fito da kansa. Ban sayi ko zanen goyo ba. Maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a shekarar an ɗauke su jigilar hatsin taimako zuwa arewa, sai ya yi kwana goma ko sati biyu ban gan shi ba. In ya dawo ba ya son maganar abin da ya gani a hanya, ni ma ba na tambaya. Zai ci abinci, ya wanke hannu, ya dubi cikina ta gefen ido.

"Yana motsi?"

"Yana yi."

Iyakar hirarmu a kai ke nan.

A wata na bakwai na je awo, sai na tarar da ungozomar nan ta da. Doguwa ce, Bazabarma, Hausarta ta kasuwa ce amma tana fita sarai. Ta buɗe karnena, ɗan littafin awo, ta karanta, ta ɗago ta dube ni, na san ta tuna.

"Wancan karon kwana nawa kika yi kafin ki zo?"

"Uku."

"Wannan karon ko rabin yini ban ba ki ba. Ki saurare ni. Da safe in kin karya, ki fara ƙirga motsinsa. Shuri, naushi, juyi, duk ki sa a ciki. Shaƙuwa ce kawai ba ta ciki. Goma nake so kafin abincin rana. In bai kai ba, ki ci wani abu, ki sha ruwan sanyi, ki kwanta a gefen hagu ki saurara. In har yanzu shiru, ko kin ji ba irin motsin da kika saba ba, ki taho. Kada ki tambayi maƙwabta, kada ki jira maigida. Kin ji?"

"Na ji, madam."

"Maimaita mini."

Na maimaita mata kamar ɗalibar lakwal a gaban malamar aji, ta rufe karnen ta miƙo mini.

Da ka na fara ƙirgawa, amma aikin buga takarda ba ya barin mutum ya riƙe lissafi, ina kai huɗu sai ya ɓace mini. Sai na sayi kwalin ashana na zuba tsinke goma a ciki. A kan teburina akwai murfin gwangwanin da ake sa zaren tawadar mashin ɗin buga takardu. In ya motsa sai in zare tsinke ɗaya in sa a murfin. In kwalin ya zama fanko sai in mayar da su in jefa cikin jaka, shi ke nan sai gobe. Ranar da babu aiki ma haka nake yi a gida, a kan tabarma.

Mu huɗu ne mata a ɗakin bugawa. Babbarmu wata Hajiya ce ƴar Damagaram, ta kai hamsin, mijinta ya rasu tun da daɗewa kuma ba ta taɓa haihuwa ba, ƴaƴan ƙannenta take riƙo. Ba ta da sakin fuska. In ta ga kuskuren harafi ɗaya a takarda sai ta ja masa layi da jan alƙalami ta ajiye miki ba tare da ta ce uffan ba. Shekara biyar ina ƙarƙashinta, bayan gaisuwa da maganar aiki ban tuna mun taɓa yin wata hira ba.

Mulkin soja ne, kuma a lokacin aikin gwamnati ba abin wasa ba ne. Bakwai da rabi ake rufe ƙofa. Shugaban ƙasa da kansa yakan faɗo ma'aikata ba sanarwa, ya bi ɗaki ɗaki, kujerar da ya tarar babu kowa ya tambayi mai ita. Kowa ya san wani da aka kora ko aka jefa wani ƙauye mai nisa saboda haka. Shi ya sa ko babu aikin yi mutane suna manne da kujerunsu, ko ban ɗaki mutum zai je sai ya bar tabaransa ko jakarsa a kan tebur. A bakin ƙofar ma'aikatar kuwa mutanen arewa ne da fari ya koro, mata da tsofaffi, zaune a inuwar katanga ba sa ko roƙo. Nama ya yi arha a kasuwar Petit Marché don makiyaya suna rabuwa da dabbobinsu kafin su mutu, gero kuwa ya gagari mutane, sai jar dawar taimako. Ina wuce duk wannan safe da yamma da kwalin ashanata a jaka.

Na san halin abin da ke cikina ba tare da na so sani ba. Yana son ƙarar ƙararrawar mashin, wadda ke bugawa in layi ya ƙare, sau da yawa ita ke tayar da shi. Yawanci kafin ƙarfe goma kwalin ya zama fanko. Amma ban taɓa kiran sa ɗa ba, ko a raina. Ban taɓa shafa cikin ina yi masa magana ba kamar yadda na ga wasu mata suna yi. Aiki ne aka ba ni, ina yin sa daidai, kamar yadda nake buga takarda ba kuskure.

Saura sati ɗaya in tafi konje, wato hutun haihuwa, ranar Litinin, tsinke na goma bai shiga murfi ba sai dab da tashi daga aiki da rana. Na lura, na mayar da su kwali. Ranar Talata har sha biyu da rabi ta buga biyu ne kawai.

Ba na komawa Lamorde da rana saboda nisa, a ofis nake zama har a koma aiki uku da rabi. Na yi duk abin da ungozoma ta ce. Na ci dambu da kopto, kwaɗon zogale, da na saya a bakin titi, na sha ruwan randa, na shimfiɗa tabarma a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na kwanta a gefen hagu. Na daɗe ina kallon ƙafar wani kabad. Can sai na ji wani ɗan abu a ƙasan haƙarƙarina, mai rauni, kamar an ja zare. Na tashi na yi azahar, na sa tsinke na uku.

Uku da rabi na koma kan mashin. Na san abin da ya kamata in yi, kalma kalma, ai na maimaita mata. Ba tsoro ne ya hana ni tashi ba. Na ji dai kamar na riga na san hanyar: ƙahon nan, da matsar da shi, da wanke hannu, da washegari. Tunda can za a je, ban ga dalilin sauri ba. Akwai wata doguwar wasiƙa da darakta yake so kafin a tashi, na sa takarda da kabon na fara bugawa.  Ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Ban ji tahowarta ba, inuwarta kawai na gani a kan takarda.

"Uku ne a murfin nan," in ji Hajiya.

Ban taɓa faɗa mata amfanin tsinkayen ba. Ashe wata biyu tana kallo daga teburinta.

"E, Hajiya."

"Kullum kafin goma kike mayar da su jaka. Jiya sai sha biyu. Yau ga la'asar ta kusa. Me aka ce ki yi in haka ta faru?"

"An ce in je."

"To me kike yi a nan?"

"Bari in gama wasiƙar."

Ta dube ni, ta daɗe tana duba na. Sannan ta juya ta nufi ɗakin darakta, ta bar ƙofar a buɗe, duk muna ji. Sauran mata biyun suka tsayar da bugu.

Darakta ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya cika shi. Ya ce satin nan ana raɗe-raɗin za a zo zagaye. Ya ce in na iya daurewa zuwa shida da rabi, shi da kansa zai kai ni da motarsa. In kuma dole ne, to in rubuta takardar neman izini ya sa hannu, in tafi ni kaɗai.

"Ita kaɗai ba za ta je ba," in ji Hajiya. "In ka sake ta yanzu gida za ta tafi ta kwanta. Ni zan kai ta."

"Hajiya, kujera biyu ke nan. In aka zo me zan ce?"

"Ka ce ni na fita, kuma ka hana ni ban hanu ba. Gaskiya ce ai."

Ta dawo ta zare wasiƙar daga mashin ɗina, rabinta a buge, ta kife ta a tebur. Ta ɗauki jakata ta rataya tare da tata.

"Tashi, ɗiyata."

Ba ta taɓa kira na haka ba. Na tashi.

Mun samu takasi a bakin titi, da mutum biyu a ciki. Ba mu yi nisa ba, dab da wani shataletale, sojoji suka tare hanya. Direba ya kashe mota. Babu wanda ya tambayi dalili, kowa ya san manya ne za su wuce. Muka zauna cikin zafi, gumi yana bin bayana. Wani mai kura da jarkokin ruwa ya tsaya kusa da tagar da nake, yana kallon ƙasa. Hajiya ta kama hannuna ta ɗora a kan cikina ta danne da nata, wai ko za mu ji wani abu. Ba mu ji ba. Sai ga babura, sai baƙaƙen motoci, suka bi hanyar da muka fito, wajen ma'aikatu. Hajiya ta bi su da ido har suka ɓace. Ni kuwa a lokacin ban kawo komai a raina ba.

Mun yi sa'a ungozomar tana bakin aiki. Tana ganina ta bar matar da take yi wa magana.

"Nawa?"

"Uku tun safe."

"Tun safe! Hau nan."

Ta ɗora ƙahon. Ina kallon silin, akwai wani wuri da ruwan sama na wata shekara ya bar tabo. Ta matsar da ƙahon sau ɗaya. Na jira ta sake matsarwa, amma ba ta matsar ba. Ta ɗaga hannun hagu tana kallon agogonta, leɓɓanta suna motsi. Ta daɗe a haka.

"Yana nan," ta ce. "Amma ya gaji ƙwarai. Kada ki sauko."

Ta fita da sauri, ta dawo da lokotoro, wani likita ɗan siriri mai tabarau. Shi ma ya saurara, ya tattaɓa cikin, suka yi magana da Faransanci ƙasa-ƙasa, sun manta ina ji. Sannan ya juyo ya ce aiki za a yi mini a ciro shi yanzu, ba za a jira naƙuda ba. Ya tambayi inda maigidana yake. Na ce yana hanyar arewa, ban san garin ba. Ya ce to in sa hannu da kaina. Aka miƙo mini takarda. Abin da na lura da shi kawai shi ne mashin ɗin da aka buga ta yana bukatar wanki, harafi ɗaya duk ya toshe da tawada. Na sa hannu. Hajiya ta cire mini ƴan kunne da zobe ta ƙulle a bakin gyalenta, tana karanta wata addu'a da ban ji ƙarshenta ba.

Da na farfaɗo sosai gari ya waye. Bakina a bushe, cikina kamar an ɗora mini dutse mai zafi. Hajiya tana zaune a kan kujerar ƙarfe da kayan jiya a jikinta.

"Mace ce," ta ce. "Tana da rai. Ƙarama ce, amma da bakinta."

Na ce, "To."

Lokotoro ya zo zagaye ya ce cibiya ce ta naɗe mata wuya sau biyu, ruwan ma ya ragu. Ya ce da mun kai safiya da wani zancen ake yi. Na gyaɗa kai. Aka kawo ta cikin wani zanen Hajiya, tunda ni ban tanadi komai ba. Fuskarta a yamutse, gashinta a manne da kai. Na karɓe ta. Na ji nauyinta a hannuna, na ji ɗinkin yana ja, ban ji wani abu bayan wannan ba. Aka ce in ba ta nono, na ba ta. Matar da ke gadon kusa da ni tana ta yi wa nata ɗan waƙa, ni kuwa ina kallon tawa kamar an ba ni ajiyar wani.

A kwana na biyar maigidana ya dawo. A unguwa aka faɗa masa, ya taho ko wanka bai yi ba, yana warin man gazuwal. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya kasa shigowa. Ungozoma ta ɗauki jaririyar ta kai masa. Sai ya juya wa mutane baya, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko wancan karon. Na kalle shi har ya gama, sannan na tambaye shi ko ya ci abinci.

An yi suna ina asibiti, da wani ramammen rago da ya saya a hannun makiyayi. Hajiya tana zuwa kullum da rana da kwanon farfesu, ta zauna ta ga na shanye, ta duba cibiyar yarinyar, ta tafi. Da aka sallame ni ta zo Lamorde sau ɗaya, ta kawo sabulu da zannuwa uku. Daga nan ban sake ganinta ba, na ɗauka aiki ne ya yi mata yawa.

Sai da konjena ya ƙare na koma ofis na tarar da wata mata a teburinta. Abokiyar aikina ta ja ni gefe ta faɗa mini. Motocin nan da suka tsayar da mu ma'aikatarmu suka nufa. An tarar da kujera biyu babu kowa. Tawa an karɓi uzurinta. Ta Hajiya kuwa aka ce ba ita ke da cikin ba, kuma babba ce, ita ya kamata ta zama abin koyi. Ba a kore ta ba saboda daɗewarta a aiki, amma an mayar da ita wani ƙaramin gari can gabas, kusa da tafkin Chadi. Duk zuwan da take yi da farfesu ta riga ta san da maganar. Ranar da ta kawo zannuwa, sallama ce ta zo yi.

Na ce, "Allah sarki." Na zauna na cire wa mashin ɗina riga na fara aiki.

Ba zan iya nuna ranar da na fara son ɗiyata ba. Babu wata rana. A hankali ya zo, cikin wanka da goyo da zazzaɓin haƙori, har wata rana na lura ina sauri a kan gada don in isa gida. Wasiƙar Hajiya kuwa sai da na yi wata shida kafin in rubuta. Layi huɗu ce, gaisuwa da labarin yarinyar ta fara zama, don na rasa yadda zan faɗi sauran. Amsa ta zo ta hannun wani direba abokin maigidana: ƙullin busasshen tattasai, da ƴar takarda da ta ce in riƙa tafasa wa yarinya ruwan sha.

Da ta yi ritaya ta koma Damagaram. Sau ɗaya na kai mata ziyara, ɗiyata tana da shekara tara. Mun same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta tsufa, idonta ɗaya ya yi fari. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta. Hajiya ta kama haɓarta ta juya fuskarta wajen haske ta duba.

"Aji nawa kike?"

Ta faɗa mata.

"Ta nawa kike zuwa?"

"Ta shida, Hajiya."

"Su biyar ɗin kai biyu gare su? Ki ƙara himma."

Ta sa aka kawo mana fura. Ta tambaye ni labarin matan ɗakin bugawa ɗaya bayan ɗaya, da darakta, na ce mata ya rasu bara, ta yi masa addu'a. Na yi niyyar in yi maganar ranar nan, na ma fara, na ce, "Hajiya, wancan lokacin..." Sai ta ce furar za ta yi tsami in ban sha ba. Muka kwana biyu a gidanta. Da za mu tafi ta rako mu har tasha, ta yi ta faɗa da yaran mota sai da suka ba mu kujerar gaba.